Kwafar Rajistar Kwamfuta: Darasi Ga Malaman Hakimai

Tun zamanin da Razdan ke zaune a Nassarawa, malamin kirki ba ya yarda littafin haraji ya zauna shi kaɗai, sai ya rubuta na biyu saboda gara da gobara. An soke haraji a Kano a 1979, amma yau kwamfutar ofis tana da nata littafi, watau rajistar Windows, inda ake rubuta sunayen masu aiki da ita da tsarin kowace manhaja. In rajistan nan ta ɓaci, injin ba zai tashi ba, aikin wasiƙu da takardun filaye ya tsaya cik.

Manyan fayilolinta biyar ne: SYSTEM, SOFTWARE, SAM, SECURITY da DEFAULT, suna cikin jakar config ƙarƙashin System32. Muddin Windows na aiki, a kulle suke, kamar littafin da alƙalami ke kansa. Wanda ya nemi jan su da hannu zuwa filashi ba zai samu ba. Sai malam ya shiga da ikon shugaban injin, ya yi aiki da umarnin reg save, ko kuwa ya sa System Restore ta ɗauki hoton tsarin. Amma fa hoton nan a cikin faifan injin yake zama; ran da faifan ya mutu, tare za su tafi.

In an bi hanya daidai, duk da haka injin ya sandare ko allo ya koma shuɗi, kada a yi ta maimaitawa. A rubuta kalmomin da suka fito a allo, harafi da harafi, a duba Event Viewer a ga abin da ya auku daidai wannan lokaci. Sa'an nan a binciki faifai da chkdsk, a bi da sfc /scannow, domin faifai mai rauni yakan nuna aibinsa ne sa'ad da aka karanta wurin da ya lalace. A tabbata kuma filashin yana da sauran wuri. Ƙurar hunturu takan toshe fanka, zafin bazara ya sa injin kashe kansa, balle a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Lalle ne a fara da cikakken batir.

Akwai wani tarko da ya kamata hakimai su tambayi malamansu a kai. Tun 2018, daga Windows 10 fitowar 1803, Microsoft ta daina zuba kwafi cikin jakar RegBack da kanta. Mai dogara da ita zai tarar babu kome ciki ran da ya bukata.

In kwafi ya kammala, a rubuta kwanan wata a jikinsa, a kulle shi a akwatin ƙarfe, mabuɗi a hannun hakimi, gama fayil ɗin SAM yana ɗauke da asirin kalmomin shiga na masu aiki da injin.