Yadda A Ke Sauke Anka

Waɗansu ƙananan jiragen ruwa masu filafilai suna da doguwar sanda a goshi, da sarƙa a ƙarƙashinta mai riƙe ta. Sa'ad da za mu tsaya, sai mu juya goshin jirgin wajen iska, mu sauke anka a hankali. In zurfin ruwa ƙafa 10 ne, mu saki igiya ƙafa 50 zuwa 70, gama gajeriyar igiya ta kan tumɓuke anka. Amma ga hatsari. Da dare jirgi ya kan yi ta juyawa, igiya tana gogar sarƙan nan har ta tsinke, iska ta kai jirgi kan duwatsu mutane suna barci. Saboda haka mu naɗe igiyar da tsumma mai kauri daidai wurin, mu riƙa dubawa.