A Rufe Fangali da Taki, a Bar Ƙasa ta Kwanta

Jama'a, da zarar damina ta ɗauke, mai lambu a fadamun Gummi da sauran gaɓar gulbin Zamfara yakan ɗauki galma ya kafce fangali, ya birkice ƙasa, ya farfasa hoge. Haka muka gada. To, akwai wata hanya da ta fi sauƙi ga ƙugu, ta kuma fi kyautata wa ƙasa. A shimfiɗa ruɓaɓɓen taki a bisa fangali, kaurin yatsa uku ko huɗu, a dasa albasa ko tumatir ko tattasai a ciki, a bar ƙasar da ke ƙarƙashi yadda take.

Ku sani ƙasa tana da ma'aikatanta. Tsutsar ƙasa da gara su ke jan taki zuwa ciki, suna huda ƙananan hanyoyin da ruwa da saiwa ke bi. Kaftu yana rusa hanyoyin nan, ya kuma tono irin ciyawar da ke binne, ya sami rana ya tsiro. Ƙasar da aka bari tsirara kuwa, iskar hunturu kan zuƙe danshinta nan da nan, kuma duk wanda ke sayen man injin ban-ruwa tun da aka janye tallafi a 2023 ya san abin da kowane ban-ruwa ke ci. Manoman Nijar sun daɗe suna shimfiɗa karan gero a kan fako, gara ta zo cin kara ta buɗe ƙasar, ruwa ya sami shiga. Garar da muke zagi a ɗaki, a fako aiki take yi mana.

Sai dai takin ya zama ya nuna. A tara kashin awaki da na shanu, da ɓuntun shinkafa, da ganyen da ya zube, da toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Da fari in ka cusa hannu za ka ji zafi. In ya huce, ya yi baƙi, yana marmashewa a tafi, yana ƙanshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa, ya isa. Ɗanyen kashi yana ƙona dashe. Kada kuma a manna taki a jikin gindin shuka, a bar masa tazarar yatsa biyu. Kowace shekara a ƙara sabo a bisa tsoho.

Mutanen Anka da Bukkuyum suna da wani dalili mafi nauyi na barin kaftu. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi jinya, masu aikin tsaftacewa kuma suka kankare saman ƙasar gidaje suka zuba sabuwa. Bagega sai a 2013 aikin ya isa gare ta. Dalma ba ta ruɓewa. Wanda ya haƙa zurfi a inda aka taɓa niƙa dutse ko wanke shi, yana iya fito da abin da aka binne. Rufe ƙasa yana rage ƙurar da yaro ke haɗiya da lakar da ke fantsama kan alayyafo, amma ba ya cire guba.

Saboda haka, uwargida mai shuka yakuwa da rama a bayan ɗaki, da maigida mai kai taki lambu, ku binciki asalin jujin da kuke ɗiba. Sharar gidan da ake niƙa dutse, da lakar kududdufin da ake wanke zinariya, kada su shiga taki ko kaɗan. Inda ake shakkar wuri, kada a shuka abin ci a cikinsa sai ma'aikatan lafiya sun auna ƙasar. Kafin nan a cika buhu ko tsohon baho da ƙasar da aka ɗebo nesa da wurin aikin zinariya, a rufe ta da taki, a shuka a ciki, ganyen kuma a wanke shi sosai kafin ya shiga tukunya.