SUNAN DA AKA LIƘA WA SHAIDAR BANGASKIYA

Karatu: Luka 1:1-4

Idan ka zauna da 'yan'uwanmu Habashawa da ke zuwa aikin riɗi da dawa a nan Gadarif, ka tambaye su tarihin ikilisiyarsu. Za ka ji sunan Atanasiyus, bishof na Iskandariya daga shekara ta 328 zuwa 373, wanda ya naɗa musu bishof na fari, Frumentiyus. Sau biyar ana korarsa daga kujerarsa domin ya nace cewa Yesu Allah ne ɗungum.

Akwai wata shaidar bangaskiya a kan Triniti da ake kira da sunansa. Ba shi ya rubuta ta ba.

Yaya aka yi? Koyarwarta ta yi daidai da abin da ya sha wahala dominsa, sai masu kwafar littattafai a Turai suka riƙa sa sunansa a kanta. Da suna ya zauna, sai aka nemo masa labari. Tun da an san ya yi gudun hijira a Roma, sai aka ce a can ya rubuta ta, ya miƙa wa Paparoma Yuliyus. Kadinal Baroniyus, babban marubucin tarihin Katolika, wanda ya fara fitar da littattafansa a 1588, ya karɓi labarin haka. Ba na ce maƙaryaci ne ba. Abin da ya gada ya ɗauka.

A 1642 wani masani ɗan Holan, Gerhard Voss, ya bincika. Atanasiyus da Helenanci yake rubutu, shaidar kuwa da Latin aka tsara ta. Shi bai ambace ta ba, mutanen zamaninsa ma haka. Tana kuma amsa gardandamin da suka taso bayan mutuwarsa. Masana yanzu suna ganin daga kudancin Faransa ta fito, wajen shekara ta 500.

To, a yar da ita ke nan? A'a. Gwada ta da Matiyu 28:19 da Yohanna 1:1-14, za ka ga ta tsaya. Mu masu wa'azi ma mukan ce "wani babban bawan Allah ya ce," alhali ba mu taɓa gani ba, don dai maganarmu ta yi nauyi. Luka kuwa sai da ya bi diddigin kome daga farko kafin ya rubuta wa Tiyofilus.

A wannan mako, ayar da ka fi ambatawa da ka, buɗe Littafi Mai Tsarki ka nemo sura da lambarta.