SHIN ANA GADON CIWON DAJI?

Kai manomi, ka san iri. In ka shuka gero ba ka girbe dawa. To, jikin ɗan Adam ma da irinsa, watau waɗansu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, rabi daga uba, rabi daga uwa. Ta nan yaro ke ɗauko kamannin iyayensa, ta nan kuma a ke gadon sikila.

Ciwon daji, wanda a ke kira sankara, yawancinsa ba gado ba ne. Cikin mutum 100 masu shi, 5 zuwa 10 ne kaɗai su ka gada. Ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa ta cin tuwo a kwano ɗaya. Amma akwai gidajen da ya ke bi. A 1994 da 1995 masana su ka gano ƙwayoyi biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda in sun lalace su kan jawo sankarar nono. A 2018 aka buga wani bincike da aka yi kan mata fiye da 1,000 a Ibadan, aka ga kusan ɗaya cikin 8 na masu sankarar nono gado su ka yi.

Lura da kyau: ba ciwon a ke gada ba, saukin kamuwa da shi ne. In uwa ko uba na da lalatacciyar ƙwayar, kowane ɗa ko 'ya na iya ɗauka, na iya tsira, rabi da rabi. Wata ma ta ɗauka har ta tsufa lafiya lau. Don haka kada a saki mace ko a fasa aurenta saboda wannan.

Uwargida, zauna ki ƙirga dangi: mahaifiya, inna, yayye da ƙanne, kakanni. Kada ki manta da goggo, gama namiji na miƙa wa 'yarsa ƙwayar shi bai sani ba. In biyu ko uku sun yi sankarar nono, ko ɗaya ta yi tun ba ta kai shekara 40 ba, ko wani namiji ya yi, to, gaya wa malamin asibiti ko da ba ki jin kome. Ki riƙa shafa nononki da hammata wata-wata. Kullutun da ba ya zafi shi ne abin tsoro.

Mutane na cewa wai daji ba ya son allura. Ba haka ba ne, jinkiri ne ke kisa. Maigida, kada ka bari a tsaga kullutu a gida, ko a tsaya jiƙe-jiƙe har kaka ta wuce.

Akwai kuma dajin ido na ƙananan yara, shi ma a kan gada. In baƙin idon yaro na ƙyalli fari kamar na kyanwa da dare, a kai shi cikin makon nan, a tafi da ƙannensa a duba su.

A fara da asibitin Gantsa. In sun ga abin ya fi ƙarfinsu za su ba ku takarda zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu, ko na Rasheed Shekoni a Dutse, ko na Aminu Kano a Kano.