Kantun gato na cikin kwali

Yara, lokacin da nike makarantar horon malamai, wana ya kawo mini tsaraba daga Yamai. Wani kwali ne mai hoton gato a jikinsa. Na buɗe, na tarar da gari fari mai ƙanshi. Akwai rubutu a bayan kwalin, amma ban tsaya karantawa ba. Na zuba ruwa da ka, kamar mai dama kunu. Na fasa ƙwai uku, na ɗora kan wuta mai ƙarfi. Ƙasan ya ƙone ƙurmus, tsakiyar kuwa ɗanya. Abokaina suka yi ta dariya. Ƙwai ya tafi, gari ya tafi, kuɗin wana sun tafi. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Yau za mu koyi abin da ban sani ba a ranar.

1. Mine ne cikin kwalin?

Babu asiri cikin kwalin. Abubuwan da ke ciki kun san yawancinsu: garin alkama, sukari, gishiri kaɗan, ɗan mai, abin ƙanshi, da garin kumburi. An auna kowane a ma'aikata, an gauraya su a bushe, an rufe cikin leda. Kwali ɗaya bai cika rabin kilo ba. Mai saye sai ya ƙara abubuwa masu ruwa: ƙwai, mai, da ruwa.

To, mi mutum ke saye in ya sayi kwalin? Awo yake saye. Wani ya auna masa, shi kuma ya biya ladan awon.

2. Daga ina ya fito?

Wannan dabara daga Amurka ta fito. A da, a birnin Fitsbag, an yi wani kamfani mai suna P. Duff and Sons. Yana sayar da baƙin ruwan rake mai kauri, wanda ke saura bayan an fitar da sukari. Ruwan ya yi masa yawa, masu saye sun yi kaɗan. Sai aka busar da shi, aka gama shi da garin alkama da kayan ƙanshi. A shekara ta 1930 John Duff ya nemi hukuma ta rubuta cewa dabarar tasu ce.

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, manyan kamfanonin niƙan alkama suka shiga sana'ar. General Mills ya fitar da nasa gari a 1947 da sunan Betty Crocker. Pillsbury ya fitar da mai cakulan a 1948. Ku sani, Betty Crocker ba mace ce mai rai ba. Suna ne da aka ƙago a 1921, don sa hannu a wasiƙun da ake maida wa masu saye.

Matan Amurka ba su tsaya ga abin da aka rubuta a bayan kwali ba. Sun gane cewa in aka hana garin ruwa, gaton ba ya tashi sosai. Yana fitowa da kauri, ana iya yanka shi gunduwa-gunduwa, a ɗauka da hannu. Ba ya bukatar cokali ko faranti. Saboda haka suke kai shi wurin taro, kuma iyaye kan sayar da shi a makaranta don tara wa yara kuɗin wani aiki. Da yake ana yanka shi kamar kantun riɗi, mu sai mu kira shi kantun gato.

3. Yadda ake yin sa

Kayan aiki: kwalin gari 1, ƙwai 2, man shanu narkakke ko man gujiya garam 120, soyayyar gujiya garam 100. A Amurka gutsattsarin cakulan suka fi sawa. Ana bukatar kwano, muciya, da faranti na ƙarfe mai zurfi, tsawonsa santimeta 33, faɗinsa santimeta 23.

Da fari, a wanke hannu da sabuni.
Na biyu, a shafa wa farantin mai, don kada ƙullun ya kama.
Na uku, a fasa kowane ƙwai shi kaɗai cikin ɗan kofi, a duba. Ƙwai ɗaya bara-gurbi ya isa ya ɓata kwano duka.
Na huɗu, a gama gari da ƙwai da mai, a tuƙa. Ƙullun zai yi tauri kamar tuwo. Kada a ji tsoro, kada a ƙara ruwa.
Na biyar, a zuba gujiya, a juye cikin faranti, a danna da tafin hannu har ko'ina ya yi daidai.
Na shida, a gasa cikin tanderu mai zafin digiri 180, minti 20 zuwa 25.
Na bakwai, a soka tsinke mai tsabta a tsakiya. In ya fito ba ɗanyen ƙullu a jikinsa, ya gasu.
Na takwas, a bari ya huce sarai kafin a yanka. Mai yanka shi da zafi zai ga ya marmashe.

A bayan kwalin Amurka za ku ga an rubuta 350. Kada lambar ta ruɗe ku. Ma'aunin zafinsu dabam yake da namu. 350 nasu shi ne wajen 180 namu.

Ku lura da bambanci. Gato mai laushi yana son ƙwai 3 da ruwa wajen rubu'in lita. Kantun gato yana son ƙwai 2, babu ruwa ko ɗigo. Gari ɗaya ne, awo ne ya raba su.

4. Mi ke sa ƙullu kumburi?

Garin kumburi abu biyu ne aka gama: bikarbonat da wani gari mai tsami. Muddin suna bushe, suna zaune lafiya. Da sun jiƙa, kuma suka ji zafi, sai su haifi wata iska. Iskar tana yin ƙananan kumfa cikin ƙullun. Zafi yana buɗa kumfan, ƙullun ya tashi. Sa'an nan ƙwai da gari su daskare, su riƙe ramukan. In kun gutsura gato, ku duba, za ku ga ramukan da idonku.

Mu gwada cikin aji. A daka kanwa kaɗan, a zuba cikin kofi. A matsa lemun tsami a kai. Mi kuka gani? Mi kuka ji? Kumfa na tashi, yana ƙara. Kanwa ƴar'uwar bikarbonat ce, iskar da ta fito kuma ita ce mai tada gato.

Yanzu kun gane abu biyu. Dole a ajiye gari wuri busasshe, musamman da damina, don laima tana kashe ƙarfinsa. Kuma ƙullun da aka kwaɓa ba a barin sa ya daɗe, sai a gasa shi nan da nan.

5. In babu kwali, in babu tanderu

Kwalin daga nesa yake zuwa. Yana hawa jirgin ruwa, ya hau mota, kowa ya taɓa shi ya ci riba. Shi ya sa yake da tsada, kuma ba kowane butiki ke da shi ba. Amma wanda ya iya awo yana iya haɗa nasa. Ga yadda ake yi:

garin alkama garam 250,
sukari garam 200,
garin kumburi rabin ƴar takarda mai garam 11,
gishiri ɗan kaɗan, abin da yatsa biyu suka ɗauka,
garin madara cokali 2.

A tankaɗe su tare sau biyu, don garin kumburi ya ratsa ko'ina. Shi ke nan, an samu gari irin na kwali. Sauran aiki kamar yadda muka faɗa ne.

Tanderu kuma, babbar tukunya ta isa. A zuba rairai mai tsabta a ƙasanta, kaurin yatsa uku. A rufe, a ɗora kan garwashi har rairan ya yi zafi. A aza farantin kan rairai, a rufe, a zuba garwashi kan murfi. In farantin bai shiga ba, a raba ƙullun cikin ƙananan kwanoni biyu. Wuta ta zama ƴar daidai, sama da ƙasa. Nan ne na yi kuskure: wutata duk a ƙasa take, ta ƙone gindi kafin zafi ya kai tsakiya.

6. Hattara

Yaro ba ya aikin garwashi shi kaɗai, sai tare da babba. Ba a ɗaukar faranti mai zafi da hannu tsirara ko da jiƙaƙƙen tsumma. Busasshen tsumma ake sawa.

Kantun gato kayan marmari ne, kamar nakiya da alkaki. Ba ya maye tuwo, ba ya maye fura. In aka raba sukari garam 200 gida 24, kowace gunduwa tana ɗauke da wajen garam 8, kusan ƙaramin cokali biyu. Yawan zaƙi yana kawo ciwon haƙori. Wanda ya ci, sai ya kurkure baki, ya yi asuwaki.

Mu riƙe

Garin kwali gari ne da aka riga aka auna. Ruwa da yawa, gato mai laushi. Babu ruwa, kantun gato. Mu karanta kafin mu fara, mu auna kafin mu zuba.

Kalmomi

Tanderu: wurin gashi rufaffe, mai zafi ta ko'ina.
Bara-gurbi: ƙwai wanda ya lalace.
Digiri: abin da ake ƙidaya zafi da shi.
Laima: danshin da ke cikin iska.

Tambayoyi

1. Waɗanne kurakurai malam ya yi?
2. Ku faɗi abubuwa huɗu da ke cikin kwali.
3. A wace ƙasa aka fara wannan gari? Mi ya sa kamfanin ya ƙago shi?
4. Don mi ake fasa ƙwai ɗaya-ɗaya cikin kofi?
5. Don mi ake zuba garwashi kan murfin tukunya?

Lissafi

1. An yanka tsawon faranti gida 6, faɗinsa gida 4. Gunduwa nawa aka samu?
2. Aji mai yara 48, faranti nawa za a gasa don kowa ya samu ɗaya? Ƙwai nawa za a saya?
3. A ce inna ta sayi gari na dala 30, sukari na dala 40, ƙwai 2 kowane dala 25, mai na dala 40, gujiya ta dala 20, garin kumburi da gawayi na dala 20. Ta sayar da gunduwa 24, kowace dala 10. Nawa ta kashe? Nawa ta ci riba?
4. In gunduwa 6 suka ƙone, riba ta samu ko hasara? Ta nawa?

Aikin gida

Ku tambayi inna ko kaka yadda take yin kantun riɗi ko dakuwa. Da mi take awo: tiya, ludayi, ko tafin hannu? Ku rubuta kayan aikin da awonsu, sa'an nan ku jera aikin daki-daki, yadda wanda bai taɓa yi ba zai karanta ya yi. Gobe kowa zai karanta nasa gaban aji.