Darasin Kasuwanci: Yadda Shuka Ke Jure Wahala, Da Abin Da Ɗan Kasuwa Zai Koya

Ɗan kasuwar da ke ba manoma kuɗi tun da damina domin ya karɓi citta ko masara da kaka, ya kamata ya san cewa shuka tana da hanyoyin kare kanta daga wahala, amma kowace kariya daga cikin amfanin gona ake biyan kuɗinta.

Da farko mu ɗauki fari. Idan ƙasa ta bushe, saiwa takan aika da wani sinadari zuwa ganye, sai ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyen su rufe don kada ruwa ya tsere. To amma ta waɗannan ƙofofi ne shuka ke shaƙar iskar da take haɗa abincinta da ita. Saboda haka sai girma ya tsaya. Masara takan naɗe ganyenta, kuma in farin ya same ta lokacin fitar da gemu, zangarniya ba za ta cika ba. Dawa kuwa takan dakata har ruwa ya dawo, acca kuma tana nuna da wuri ko a ƙasa maras ƙarfi. Wannan ne ya sa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin masara masu jure fari daga jerin SAMMAZ.

A Kafanchan, Kachia, Kwoi da Kagarko, inda ake noman citta irin Tafin Giwa da Yatsun Biri, yawan ruwa ya fi zama abin tsoro. Idan ruwa ya kwanta a gona, saiwa ba ta samun iska, sai ta raunana, ƙwayoyin cutar da ke son laima kuma su sami hanyar shiga. Alamar farko ita ce ganye ya koma rawaya, daga baya cittar ta ruɓe a cikin ƙasa.

A daminar 2023 annobar ruɓewar citta ta auka wa Kudancin Kaduna. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar da ta haura Naira miliyan dubu 12, farashi ya yi tashin gwauron zabo, iri kuma ya yi wuyar samu.

Don haka, kafin mai jari ya saki kuɗinsa, sai ya tambayi abu huɗu. Shin gonar tana tsane ruwa, ko kwari ce? An rufe shukar da ciyawa don rage zafin ƙasa? Daga ina aka samo irin? Shekara nawa aka jera ana noma citta a wurin, ba tare da canji ba?

Daga ƙarshe, kada a zuba jari duka a kan amfani guda. Wanda ya haɗa citta da dawa ko acca, shekarar da ta kayar da ɗaya ba lalle ta kayar da ɗayan ba.