Uwa Ta Ɗauki Jaka, Yaro Ya Fashe da Kuka

 Jama'a masu sauraro, wasiƙu sun taru a wannan makon, amma uku daga ciki kusan kuka ɗaya suke yi, shi ya sa na haɗa su. Ta farko daga nan Shika ta fito, daga wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa. Ta ce:

"Anti, ina gaisuwa. Ɗana yana da shekara ɗaya da wata huɗu. A da idan zan fita aiki ko kallona ba ya yi. Yanzu da ya ga na sa fararen kaya na ɗauki jaka, sai ya riƙe ni yana ihu har maƙwabta su leƙo. Ƙanwata ce ke zama da shi. Na koma sai an zagaya da shi bayan gida ni kuma in sulale, amma abin sai gaba yake yi. Yanzu ko banɗaki na shiga yana bakin ƙofa yana kuka. Surukata ta ce ni na sangarta shi."

To ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya. A gaishe min da Hajiya surukarki, amma a gaya mata a hankali cewa wannan ba sangarta ba ce. Ƙulafucin uwa ne, kuma lokacinsa ne ya zo. Yawanci yana farawa daga wata bakwai ko takwas, ya yi ƙarfi tsakanin wata goma da shekara ɗaya da rabi, sannan ya riƙa sauka yayin da yaro ya doshi shekara uku. Kin ce a da bai damu ba. Ai dole. Da hutun haihuwa ya ƙare, kin koma aiki yana ɗan 'yan watanni, lokacin da duk wanda ya ba shi nono ya goya shi, shi ke nan. Yanzu kuwa hankalinsa ya kai ya san cewa idan kin fita kina nan a wani wuri, ba tare da shi ba. Abin da bai sani ba tukuna shi ne yaushe za ki dawo, ko ma za ki dawo ɗin.

Wata masaniyar halayyar yara, Mary Ainsworth, ta zauna a Yuganda a 1954 da 1955, tana shiga gidaje 26 a ƙauyukan da ke kusa da Kampala tana kallon uwa da ɗanta. Ta ga yaran da suka fi samun natsuwa da iyayensu mata su ma suna kuka ko su bi bayan uwa idan ta tashi, amma da ta dawo sai su kwantar da hankali su koma wasa. Ina kawo wannan ne don kada wani ya ce ai cutar 'ya'yan 'yan boko ce. Matan ƙauye ne, masu goyo a baya kamar iyayenmu.

Inda zan ja miki kunne shi ne sulalewar nan. Ki daina. Na san dalilinki, ba kya son ki bar gida da ihunsa a kunnenki, ga mota tana jira. Amma ki duba ta wajensa. Yana wasa, ya waiwayo, babu ke. Me ya koya? Ya koyi cewa duk sanda ya ɗauke ido daga kanki za ki iya ɓacewa. To shi ya sa ya zama mai gadinki har bakin banɗaki. Ki tsaya gabansa, ki durƙusa, ki ce masa, "Zan tafi aiki, zan dawo bayan la'asar." Yaro bai san ƙarfe huɗu ba, amma ya san kiran salla, ya san lokacin da ake ɗora tukunyar tuwo. Ki yi masa addu'a, ki miƙa shi hannun ƙanwarki, ki fita. Zai yi kuka, wannan babu makawa. Kada ki dawo daga zaure don kin ji muryarsa, domin kin sake masa rabuwar sau biyu ke nan. Idan zuciyarki ta kasa, ki buga wa ƙanwarki waya kina isa bakin asibiti. Sau da yawa za ki ji ya riga ya koma kan wasansa.

Ranar aikin kwana kuma kada ki ce masa "yanzu zan dawo". Ki ce sai da safe, idan ya tashi barci. Ki bar masa zanin da kike goya shi da shi, ba wankakke ba, wanda ƙanshinki ke jiki. Wani abu kuma, tunda ke ma'aikaciyar asibiti ce: a hana mutanen gida cewa "ka yi shiru ko Mama ta yi maka allura". Yaro na jiran uwarsa, an mayar masa da ita abin tsoro.

Wasiƙa ta biyu daga Samaru, kuma namiji ne ya rubuto, abin da ya yi min daɗi. Ya ce shi ma'aikaci ne, matarsa malamar makaranta ce, 'yarsu tana da shekara ɗaya da wata goma. Suna so su fara kai ta gidan raino, mahaifiyarsa kuma da ke wajen Giwa ta ce a kawo mata ita yaye ta yi wata guda. Yana tambaya ko a haɗa duka a huta.

Malam, kada a haɗa. Cire nono rabuwa ce, barin gida rabuwa ce, gidan raino ma wata ce daban. Kai yaro yaye wurin kaka al'adarmu ce, ba na kushe ta. Sai dai a tuna, a da kakar tana cikin gidan ko a unguwar, yaro ya saba da cinyarta tun yana jariri. Yarinyar da ba ta ganin kakarta sai da salla, idan ka sauke ta a can ka juyo, wurin baƙuwa ka bar ta. In da hali, Inna ta zo Samaru ta yi kwanakin yayen tare da ku. Idan an natsu da mako uku ko huɗu, sai a fara gidan rainon, shi ma kaɗan-kaɗan: ranar farko uwar ta zauna tare da ita, washegari a bar ta awa ɗaya. Kuma ka gwada kai ta da kanka. Yara da yawa sun fi sakin hannun uba cikin sauƙi.

Af, tunda na ambaci malamai. Gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwar ma'aikatanta wata shida a 2019, abin a yaba ne saboda shayarwa. Amma masu wannan hutun su lura, yana ƙarewa ne daf da lokacin da ƙiwa ke farawa. Mai rainon da za a bar wa jariri ta fara shigowa gidan tun kafin hutun ya ƙare.

Ta uku gajeriya ce, daga wata mai shago a kasuwar Sabon Gari. Maƙwabciyarta ta ba ta shawarar ta riƙa ba ɗanta maganin tari mai sa barci kafin ta fita, don ya kwanta ba rigima.

Hajiya, don Allah kada ki fara. Irin waɗannan magunguna suna iya danne numfashin ƙaramin yaro, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara biyu sai da izinin likita. Kin dai tuna a 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, saboda ɓarnar da ya yi wa manya ma. Ki kuma tambayi wadda kike bar mata shi kai tsaye ko tana ba shi wani abu. Idan kullum kina dawowa ki tarar da shi a sake, barci ba na ƙa'ida ba, ki bincika. Haka nan idan kukan ya wuce na rabuwa, wato yaro ya yini bai ci ba, ko yana ramewa, ko ya daina maganar da ya fara, ko yana firgita da ganin mutum ɗaya tak, to wannan ba na rediyo ba ne. Ki kai shi sashen yara a Shika ko asibitin da ya fi kusa da ke, a duba shi.

Mai kula da na'ura yana ɗaga min hannu. Sauran wasiƙun, har da ta mai tambaya kan fitsarin kwance daga Kwangila, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.